Me ya sa nas take rage wa 'yata oksijin duk sanda lamba ta kai 100?

Maman Bakwaini ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ƙarfe biyu da rabi na dare ne, barci ya ƙaurace wa idona, ina zaune a bencin da ke ƙofar ɗakin jarirai ina jiyo kukan na'urorinsu.

Yau kwanan 'yata 19 a duniya. Cikin yana da sati 29 da kwana biyu jinina ya hau, likitoci suka ce in ba a ciro ta ba daga ni har ita ba za mu kai labari ba. Aka yi min aiki, aka auna ta kilo 1 da giram 150. Tun ranar tana cikin kwalba, da roba a hanci haɗe da na'urar taimaka wa numfashi da suke kira CPAP. A jikin ƙarfen da ke saitin kanta akwai wani ɗan akwati mai abin murɗawa, an zagaye shi da lambobi daga 21 zuwa 100. Nata yawanci yana tsakanin 25 da 30.

A ƙafarta kuma an naɗa wani ɗan ƙyalle mai waya. Tafin ƙafar bai wuce tsawon babban yatsana ba. Jan hasken da ke cikin ƙyallen yana ratsa ta, in an rage fitilun ɗakin sai ka ga ƙafar ta yi jawur kamar garwashi. Wayar ta tafi wani allo mai lambobi biyu. Ta ƙasa bugun zuciya ce, 150, 160. Ta sama an ce min oksijin ɗin da ke jininta ne. Allah ya sani, na fi kallon lambar nan fiye da fuskar yarinyar.

Shekaranjiya da la'asar lambar ta hau 98, 99, har ta tsaya a 100. Daɗi ya kama ni, na ɗauki hoto na tura wa babanta. Ban gama turawa ba na'urar ta fara kuka, nas ta zo ta murɗa abin nan daga 30 zuwa 26, ta tsaya har lambar ta sauko 93. Na ce, Sista, ai yanzu ne ta samu, me ya sa za ki rage mata? Ta ce, "Maman bebi, ɗari ba ta da kyau a wurinta," sai wani yaron ya yi kuka ta wuce.

A daren ranar kuma lambar ta faɗo 78. Ni na ɗauka da gudu za a ƙara mata. Wata nas ce a kan aiki, ta zo ko kallon abin murɗawar ba ta yi ba. Ta leƙa ƙirjin yarinyar, ta gyara mata wuya, ta shafa bayanta, ta sake naɗa ƙyallen ƙafar. Lambar ta dawo 91 da kanta.

Ga abin da ya hana ni barci. Jiya da dare ta sake faɗowa 82, nas tana can ƙarshen ɗaki da wani jariri da jikinsa ya rikice. Na miƙa hannu na murɗa daga 26 zuwa 40. Lambar ta haura 100, ta kai kamar minti goma a haka, tsoro ya kama ni na mayar da shi yadda yake. Ban gaya wa kowa ba. Yau da safe kuma na ji likita yana cewa za a kira likitan ido ya duba ta nan da kwana tara ko goma, saboda oksijin yana iya taɓa idon bakwaini. Tun lokacin gabana ke faɗuwa.

Don Allah masu sani, me ya sa ake gudun 100? Abin da na yi zai iya makantar da ita? Kuma wannan ɗan jan hasken, har nawa za a yarda da shi?

Nas ta ɗakin bakwaini ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, Allah ya raya ta. Shekarata 14 a irin ɗakin da kike zaune a ƙofarsa, yanzu ma daga kwanan aiki na sauka.

Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Minti goma a kan 40 ba shi ne zai makantar da ita ba. Abin da ke lalata ido shi ne sa'o'i da kwanaki a sama, da kuma yawan lilo, a yi ƙasa can a yi sama can, sau da yawa a yini. Ki kwantar da hankalinki. Amma gobe da safe ki gaya wa nas ɗinta, kuma kada ki sake taɓawa. Duk awa muna rubuta inda abin murɗawar nan yake. In jaririyar da ta saba zama a 26 ta fara neman 35 ko 40, wannan saƙo ne: ko ƙwayar cuta ta shiga jini, ko jininta ya yi ƙasa, ko majina ta toshe, ko huhun ya gaji. Wani lokaci kafin komai ya bayyana a jikin yaro, a wannan takardar muke fara gani. In wani yana murɗawa ba mu sani ba, saƙon ya ɓace mana.

Sai maganar 100. Iskar da ni da ke muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne oksijin, shi ya sa lambobin suka fara daga 21. Duk abin da ya haura haka magani ne, kuma magani da ƙa'idarsa. Lambar da ke kan allo kuwa tana gaya miki ne, cikin gurabe 100 da jini ke da su na ɗaukar oksijin, nawa ne suka cika. In ta nuna 92, kin san inda kike. In ta nuna 100, kin daina sanin komai. Kwano in ya cika ya cika, ko ɗigo ɗaya ake ƙara masa ko bokiti guda ake tuttulawa, a ido duk ɗaya ne. Wanda yake zubowa ɗin nan, wanda ke narkewa a ruwan jini, na'urar ba ta ganin sa, kuma shi ne ke cutar da ido da huhu. Ki tuna ya kamata a ce har yanzu tana cikinki, kuma a can lambar ba ta wuce sittin da wani abu zuwa saba'in ba. Jikinta bai shirya karɓar iska da yawa haka ba.

Mu a ɗakinmu 90 zuwa 95 muke nema, ƙararrawa na kaɗawa in ta yi ƙasa da 89 ko ta haura 95. Wasu wuraren 91 zuwa 95 ne, wasu 90 zuwa 94. Ki tambayi nasu, galibi a rubuce yake a jikin kwalba ko a fayil. Ranar da aka saukar da ita 21, wato iskar ɗaki zalla, in ta ga dama ta nuna 100, ba mai cewa komai. Wannan ɗarin tata ce.

Nas ɗin daren nan da ba ta taɓa abin murɗawa ba, wallahi aikinta ta sani. Ƙa'idar ita ce a fara kallon yaro kafin allo. Ƙirji na motsi? Leɓe da harshe wane launi suke? Bugun zuciya ya sauka ko yana nan a 150? Ɗan layin nan mai hawa da sauka a ƙasan lambar, yana tafiya a jere ko ya hargitse? Sau da yawa 78 ɗin ba gaskiya ba ce. Yarinya ta yi shure-shure, ko ƙyallen ya sassauta, ko ƙafar ta yi sanyi, ko hasken fitilar shawara ya shiga tsakani. In kuma gaskiya ce, sau da yawa ba ƙarancin oksijin ba ne a roba. Ko robar ce ta zame daga hanci, ko wuya ya lanƙwashe, ko baki ya buɗe iskar na gudu ta can, ko kuma ta manta da numfashi ne kawai. Bakwaini suna haka, wurin da ke ba da umarnin numfashi a ƙwaƙwalwa bai nuna ba, sai su yi shiru daƙiƙa 20 ko fiye, shi ya sa ake ba su maganin kafeyin kullum. Yaron da ba ya jan numfashi, ko 100 kika murɗa masa ba abin da zai shiga. Shafa baya ko tafin ƙafa ne ke tashin sa. In kin riga kin murɗa, da ya farfaɗo ya ja numfashi biyu uku sai ya wuce sama, lilon da nake faɗa miki ke nan.

In ya kama a ƙara, kaɗan-kaɗan muke yi, 2 zuwa 5, kuma wadda ta ƙara ba ta barin bakin kwalbar sai ta ga inda lambar ta tsaya. Haka ya kamata. Ba zan ɓoye miki ba, ba kullum hakan ke samuwa ba. Nas ɗaya da jarirai shida ko takwas, ƙararrawar ƙasa kowa na rugawa, ta sama kuwa ana iya barin ta tana kuka don a ido yaron lafiya lau yake. A nan ne uwa take da amfani. In kin ga ta daɗe a 97, 98, ki ce, Sista ta daɗe a sama. In ta faɗi ƙasa da 85 ba ta dawo ba, ko bugun zuciya ya yi ƙasa da 100, ki ɗaga murya ki kira, ba wanda zai ga laifinki. Ki kuma riƙa lura ana sauya wa ƙyallen wuri kamar duk awa huɗu, daga wannan ƙafa zuwa waccan ko hannu, domin fatarsu kamar takarda take, in ya daɗe wuri ɗaya yana yi musu shaida har ya zama gyambo.

Baban Yaro Ɗaya ya amsa:

'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, uba ne da ya bi ta hanyar nan. Ɗana a sati 27 aka haife shi, giram 900, yanzu shekararsa shida.

Abu ɗaya zan roƙe ki, kada ranar likitan ido ta wuce ki, musamman bayan an sallame ku. Mu an duba shi sau biyu muna asibiti aka ce akwai alamar ciwon idon bakwaini kaɗan, a dawo bayan sati ɗaya. A tsakani aka sallame mu. Na dawo da su gida, na ga yaro yana buɗe ido tar, in an kunna fitila yana ƙifta su, babu ja babu ruwa babu komai. Na ce wa mahaifiyarsa mu bari ya ƙara ƙwari, don ba na son irin kukan da yake yi in ana duban. Ita ce ta kafe. Muka je da jinkirin kwana biyar. Likitar ta duba, ta ɗago ta ce ciwon ya kai mataki na uku kuma jijiyoyin sun kumbura, dole a yi masa aikin leza cikin kwana uku. Har yau in na tuna da cewa sati biyu na so mu ƙara, jikina sanyi yake yi.

An yi aikin a ido biyu. Yana sa tabarau mai kauri tun yana shekara biyu, amma yana karatu, yana buga ƙwallo, yana gane ni daga nesa.

Duban da kansa ba daɗin kallo. Za su ɗiga mata magani ƙwayar idon ta buɗe, su sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon, likita ya sa fitila a goshi ya leƙa ta wani gilashi. Za ta tsala kuka, lambar nan ma za ta iya faɗuwa na ɗan lokaci. Mintuna kaɗan ne. In ba za ki iya tsayawa ba ki fita, amma ki bari a yi. Daga waje ba a ganin ciwon nan. Ranar da uwa ta hango fari a cikin ƙwayar idon, lokaci ya riga ya wuce.

Likitan Yara ya amsa:

Hajiya, sannu. Sista ta gama faɗin abin da ake yi a bakin kwalba. Ni ina so ki san inda wannan 90 zuwa 95 ta samo asali, don da rayuka da idanun dubban yara aka gano ta, kuma ina ganin in kin sani za ki daina kallon nas a matsayin mai yi wa 'yarki rowa.

A shekarun 1940 aka samu kwalaben da ke riƙe iska sosai, likitoci suka ga bakwaini sun fi numfashi da kyau in an cika musu oksijin, sai aka riƙa ba su babu awo, sati da sati. A 1942 wani likitan ido a Boston, Theodore Terry, ya ba da labarin wata sabuwar makanta a jariran da aka haifa kafin lokaci. Cikin shekara goma ta makantar da yara wajen 10,000, mafi yawa a Amurka, kuma ba wanda ya san dalili. A 1951 Kate Campbell, likitar yara a Melbourne ta Ostireliya, ta lura cewa a ɗakunan da ake tsimin oksijin saboda tsadarsa makantar ba ta kai ta inda ake sakin sa ba. A 1952 Arnall Patz ya gwada a Washington: cikin jarirai 28 da aka ba da yawa, 7 ciwon ya yi musu tsanani, cikin 37 da aka rage wa kuwa ko ɗaya babu. Kin san abin da ya sha fama da shi? Wasu nas-nas in dare ya yi sai su ƙara wa jariran da aka ce a rage musu, don zuciyarsu ba ta yarda ba. Ma'aikata ne masu horo, suka yi abin da kika yi jiya, saboda dalilin da kika yi shi. Kada ki ci kanki da zargi.

Daga nan duniya ta juya ɗaya gefen. Aka ce kada a wuce kashi 40 ko me ake ciki. Makanta ta ragu ƙwarai, amma mace-mace a ranakun farko da shanyewar gaɓoɓi saboda lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. A 1973 wani likita a Ingila, Kenneth Cross, ya yi lissafin cewa duk makanta ɗaya da aka hana, an yi asarar rayuka kusan 16. Matsalar duka biyun ɗaya ce: ana auna abin da ke shiga kwalba, ba a auna abin da ke cikin jinin yaro.

Ɗan jan hasken da ke ƙafar 'yarki shi ya sauya wannan. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, ta kuma yaɗu a ɗakunan jarirai a shekarun 1980. Haske biyu ne a ciki, ja da kike gani da wani da ido ba ya gani. Jinin da ya ɗauki oksijin ya fi shanye wanda ba a gani, wanda bai ɗauka ba ya fi shanye jan. Na'urar tana bin bugun jini ne kawai, ta kwatanta biyun ta fitar da lamba. Shi ya sa motsi da sanyin ƙafa ke ruɗa ta.

Ko da aka samu ma'auni, sai da aka sake tambaya, wace lamba za a nema? Aka yi manyan gwaje-gwaje biyar a Amurka, Kanada, Birtaniya, Ostireliya da New Zealand, aka haɗa sakamakonsu a 2018. Jarirai 4,965 ne da aka haifa kafin sati 28. An ajiye rabi a 85 zuwa 89, rabi a 91 zuwa 95. A rukunin ƙasa kashi 10.9 cikin 100 ne suka buƙaci aikin ido, a na sama kashi 14.9. To amma a rukunin ƙasa kashi 19.9 suka rasu, a na sama 17.1, kuma mummunan ciwon nan da ke ruɓar da hanjin bakwaini ya fi yawa a rukunin ƙasa, 9.2 da 6.9. Tazarar lamba shida kacal tsakaninsu. Shi ya sa aka zaɓi saman, tunda ciwon ido in an kama shi da wuri yana da magani. Amma ba wanda ya ce a haura 95 ga ƙaramin bakwaini da ke kan oksijin.

Game da ido. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shimfiɗar bayan ido suna fara tsirowa daga tsakiya wajen sati 16 na ciki, ba sa kaiwa gefe sai dab da sati 40. 'Yarki ta fito suna kan hanya. In oksijin ya yi yawa, jiki sai ya ɗauka an wadata, ya daina fitar da sinadarin da ke sa su tsiro, su tsaya cak. Bayan makonni idon ya girma, ɓangaren da ba shi da jijiya ya shiga yunwa, sai sinadarin ya fito da yawa, jijiyoyi su tsiro barkatai, masu rauni, su yi tabo su janye shimfiɗar daga mazauninta. Wannan ne dalilin da ba a duban ido a satin farko, sai wajen sati huɗu da haihuwa. Kiran likitan ido ba yana nufin an ga wani abu ba ne. Duk wanda aka haifa a sati 30 ko ƙasa, ko nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, ana duba shi. Kuma mafi yawan waɗanda aka ga alama a idonsu, da kansa yake warkewa.

Har nawa za a yarda da na'urar? Tana iya kuskure da lamba 2 ko 3 sama ko ƙasa, kuma in ta yi ƙasa da 80 kuskuren ya fi haka. Akwai kuma abin da nake so ma'aikata su riƙe. A 2020 wani bincike a jami'ar Michigan kan manya ya nuna cewa a lokutan da na'urar ke nuna 92 zuwa 96, an samu ainihin oksijin ɗin jini ƙasa da 88 a kashi 11.7 na baƙar fata, a fararen fata kuwa kashi 3.6. Wato a fata mai duhu takan ɗan ƙara lamba. Wannan ba dalilin jefar da ita ba ne, ba mu da abin da ya fi ta na sa ido dare da rana. Dalili ne na kada a bar yaro yana zama a bakin 89 da 90 a ce ai yana ciki, kuma in allo da jikin yaro suka saɓa, a ɗebi jini a auna kai tsaye.

Anti Mai Jinya ta amsa:

Likita, ka gafarce ni in sa baki. Duk bayanin nan na inda akwai kayan aiki ne. Ni ina jinyar ƙanwata a wani ƙaramin asibiti, ɗanta sati 33, kilo 1 da giram 700. Babu wannan akwatin mai 21 zuwa 100. Daga tukunyar oksijin roba ta taho hancinsa kai tsaye. Na'urar awo guda ɗaya ce a ɗakin, jarirai bakwai, ana zagayawa da ita safe da yamma. Kwanansa shida a haka, duk sanda aka ɗora masa 99 ko 100 take nunawa, su rubuta su wuce, mu kuma mu yi ta hamdala. Yanzu da na karanta wannan hankalina ya tashi. Me za mu ce musu ba tare da an ga mun yi rashin kunya ba?

Likitan Yara ya amsa:

Anti, tambayarki ta fi duk abin da na rubuta muhimmanci, don a irin wannan ɗakin ne aka fi samun makantar yanzu. An ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai yara wajen 20,000 ne a duniya suka makance ko ganinsu ya lalace sosai saboda ciwon nan, mafi yawansu a ƙasashen da bakwaini suka fara rayuwa amma awo bai wadata ba.

Abin da ke fitowa daga tukunya oksijin ne zalla. In yaro yana kai yana nuna 99 da 100 kwana shida, ana ba shi fiye da buƙatarsa. Gobe in likita ya zo zagaye, ki gaishe shi ki ce, Likita, kullum 99 yake nunawa, ko za a gwada rage masa a gani? Wannan ba rashin kunya ba ne. Yadda ake yi, a ɗora masa na'urar, a rage kaɗan, a tsaya a kansa minti 10 zuwa 15, a ga yana barci da yana shan nono duk yana riƙe 90 zuwa 95. Ana iya samun ma ba ya buƙata gaba ɗaya. Ku dai kada ku rage da kanku, kuma kada a yi awo da launin fata, ido ba ya gane ƙarancin oksijin sai ya yi nisa, yawansa kuwa ba ya ganewa sam. Ku roƙa a riƙa auna shi duk bayan 'yan sa'o'i, da duk sanda aka taɓa ma'aunin tukunyar.

Sannan ku nemi a duba idonsa wajen sati uku zuwa huɗu da haihuwa, ko da za a ce ai ya wuce kilo ɗaya da rabi. Inda ba a gauraya oksijin da iska, yaran da suka fi shi girma ma suna kamuwa. Shi ya sa a Indiya suke duban har na sati 34 da masu kilo 2. In babu mai duban idon jarirai a nan, tun yanzu ku karɓi takardar zuwa inda yake.

Maman Bakwaini ta sake rubutawa:

Na gode, na gode, Allah ya saka muku da alheri. Anti, Allah ya ba ɗanku lafiya, don Allah ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi.

Na gaya wa nas ɗin da safe, muryata na rawa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko takardar awon ta rubuta lokacin da abin da na murɗa, ta nuna min inda aka rubuta 90 zuwa 95 a jikin kwalbar, wurin da na yi kwana 20 ina kallo ban taɓa lura ba. Ta koya min kallon ɗan layin nan na ƙasan lamba. Da rana ta faɗo 80, na leƙa na ga robar ta fita daga hanci ɗaya, na kira, aka mayar, ko minti ɗaya ba a yi ba ta dawo. Da yamma kuma ni na ce, Sista ta daɗe a 98, aka sauke ta daga 26 zuwa 24.

An sa ranar Talata ta sama don duban ido, na rubuta a tafin hannuna da biro kafin in samu takarda. Babanta ya ce zai zo ya tsaya a ciki in ni na kasa.

Ɗazu bayan magariba suka ciro ta da wayoyinta duka suka kwantar min da ita a ƙirji, suka lulluɓe mu. Awa ɗaya da minti ashirin. Ina jin ɗan numfashinta a fatata, wani lokaci da sauri, wani lokaci ta ɗan tsaya ta ci gaba. Sau biyu kawai na ɗaga kai na kalli allon, na farko 92, na biyu 93. Nauyinta yau kilo 1 da giram 340.